Mairama Mai Nono da Waccan ta Kankiya

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga bayan Kafinsoli ta shiga Kankiya ya san Mairama mai nono, in bai san sunanta ba to ya san tafiyarta. Doguwar Bafulatana ce siririya, ƙwarya uku a ka, faifai a bisa, hannuwa a sake sai ka ce ba ita ke ɗauke da kayan ba. Fiye da shekara talatin tana bin hanyar nan da ƙafa. Da baburan haya suka yawaita, sauran mata suka koma juye nono a bokitin roba suna ɗarewa bayan babur, ita kuwa ta ce Allah ya tsare ta. A cewarta, kindirmon da babur ya girgiza ya tashi daga kindirmo, ya koma tsala. Masu sayen nononta a gindin tsamiyar kasuwa sun yarda da ita, shi ya sa ƙwaryarta ba ta kai azahar.

A wata ruga kusa da Ƙofa aka haife ta, cikin ƙasar Kusada, aure ne ya kawo ta gidan Sodangi. Ta haihu tara, duk a ɗakinta, kuma ba wanda ya taɓa jin ko nishinta, don a wurinsu mace ta yi kuka a kan gwiwa abin gori ne har jikoki. Abin da ta fi alfahari da shi ma, ba ta taɓa cika arba'in a zaune ba. Sati biyu da haihuwa ta koma turmi, sati uku ƙwarya ta hau kai. In matan yanzu suka ce bayansu na ciwo, sai ta yi musu kallon da ake yi wa maraƙin da ya ƙi tashi.

'Yarta ta fari sunanta Lailatu. Mu ne dai muke da bakin faɗa, Mairama ba ta da shi. Kunyar ɗan fari a rugarsu ba wasa ba ce: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na tafasa. Da aka yaye Lailatu, goggonta da ke aure a cikin Kankiya ta ɗauke ta, ta sa ta makaranta, yarinya ta yi ta karatu har ta zama ungozoma a asibiti. Tana kiran uwarta Adda, kamar wata yayarta. Uwar kuwa “waccan” take ce mata, da ta fara aiki aka ƙara mata girma, ta zama “waccan ta Kankiya”. In Lailatu ta zo ruga gaisuwa, Mairama kan juya ga duk wanda ke kusa ta ce, “Tambayi waccan ko ta ci abinci.” In ba kowa, sai ta gaya wa ƙwarya. Ƙwaryar nan ta sha aike, kuma ba ta taɓa ɓatar da saƙo ba, tunda mai saƙon na zaune tana ji.

Bayan haihuwar auta ciwon ya fara. Da fari nauyi ne kawai a mara, da ciwon ƙugu in ta dawo kasuwa da yamma. Sannu a hankali sai ta fara jin wani abu na sauko mata ta gaba, da safe ya koma, in ta sha tafiya ya leƙo. Ta ce basir ne, don a ƙauye duk ciwon da ba a son faɗin inda yake basir ne. Ta zauna cikin ruwan bagaruwa har ta gaji, ta sha jiƙe-jiƙe, ta koyi naɗe tsumma ta ɗaure tamau kafin ta ɗaura zane. Alwala ta zame mata aiki, tari ɗaya sai ta sake wata. Shekara tara tana cikin wannan hali ba ta gaya wa kowa ba.

Ƙwarya uku ta koma biyu, ta ce shanu ne ba sa kawo nono kamar da. Biyu ta koma ɗaya, ta ce kasuwa ce ta lalace. Matar da ba ta taɓa tsayawa a hanya ba ta koma tsayawa sau uku, wai tana duba yadda geron mutane ya yi, ko da kuwa da rani ne, gonakin ba komai sai kututturen kara.

Sodangi bai san mene ne ba, kuma shi ba mai tambaya ba ne, amma yana da ido. Wata safiya da bazara, garken na can kudu wurin kiwo tare da 'ya'yansu maza, ita tana tatsar 'yan shanun da aka bari a gida, ya tsaya a kanta.

“In shanu sunka dawo bana, ki aje ƙwaryar nan,” in ji shi. “Surukarki matar Mamuda ta riƙa kaiwa bisa mashin. Ke kin yi naki.”

Da tausayi ya faɗa, amma ita ji ta yi kamar an ce ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Hanyar nan ita ce duniyarta. A can take jin labari, a can ake kiranta da sunanta, kuma, abin da ba za ta faɗa ba ko da wuƙa a wuya, a can take hango waccan ta wuce da fararen kaya ranar kasuwa. Dawowar shanu kuwa ba ta da nisa, ruwa biyu ko uku ya sauka za su kamo hanyar gida.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, masu nono na zaune gindin tsamiya, sai ga Lailatu da kujerarta a hannu. Ta gaida kowa, ta ajiye kujerar ta zauna, ta ba uwarta baya kamar yadda ya kamata.

“Iyayena, sannunku da rana,” in ji ta. “Magana na zo da ita, ta mata ce, maza su ɗan matsa.” Da maza suka matsa ta rage murya, amma ba sosai ba. “Akwai wani ciwo da mata ke ɓoyo. Mace ta ji nauyi a mara, ta ji abu na sauko mata, da sahe shi koma, da marece shi hito. Ba basir ba ne, ba iska ba ce, ba kuma wani ya yi maki ba. Mahaifa ce ke zazzagowa, don naman da ke riƙe da ita ya gaji: yawan haihuwa, doguwar naƙuda, komawa turmi da ɗaukar kaya jiki bai ida warkewa ba. Kuma akwai dabara.”

Ta zaro wani zoben roba mai taushi daga jaka, bai kai awarwaro faɗi ba, ta ɗaga. Ta ce shi ake sa wa mace daga ciki ya tallabe mahaifar, ba yanka, ba ɗinki, ba kwanciya asibiti. Wadda nata ya yi nisa, ita ake turawa a yi mata aiki.

Sa'a, ƙawar Mairama kuma abokiyar tafiyarta, wadda bakinta bai taɓa riƙe magana ba, ta karɓa ta juya shi ta matsa. “Yo wannan ai gammo ne! Mu da munka tsufa da gammo bisa kai, ashe akwai na ciki!”

Mata suka fashe da dariya har da tafawa. Mairama ba ta ɗaga kai ba, ta duƙufa tana dama furar da ba wanda ya saya. Tsoro ya kama ta, don ji ta yi kamar an kwance mata zane a tsakar kasuwa. Bayan tsoron sai ga wani farin ciki ya taso mata tun daga ƙafa. Ashe abin yana da suna! Ashe ba ita kaɗai ba ce! Kuma wadda ta san sunansa da maganinsa, ga ta nan zaune, ita ta haife ta.

A hanyar komawa, da suka iso inda Mairama ta saba tsayawa na farko, Sa'a ma ta tsaya. Suka zuba wa busasshiyar gona ido, can Sa'a ta ce, “Kin san ni ma ba geron kowa nike kallo ba. Shekarata biyar.”

Mairama ta ce, “Allah sarki,” ta ƙara da cewa lallai gobe Sa'a ta je. Nata kuwa ta haɗiye shi.

Sa'a ta je. Kasuwa ta gaba ita ke gaba Mairama na baya, abin da bai taɓa faruwa ba tun suna amare. “Ke Mairama, kamar an sauke mani dutsen niƙa!” take faɗi, tana juyi da ƙwarya a ka. Mairama ta rangaɗa guɗa a tsakiyar hanya, har wani mai amalanke ya waiwayo yana neman inda amaryar take.

Daga ranar Mairama ta zama sankira mai shela. Ruga-ruga take bi da yamma, tana jan ƙafa, tana jan mata gefe ɗaya bayan ɗaya. Ta fi kowa gane mai ciwon, don ta san yadda mai shi ke zama a gefen kujera da yadda take dafa ƙugu in za ta tashi. “Tahi wurin waccan ta Kankiya,” take cewa. “Hannunta da sanyi. Ke dai tahi, ki zo ki ba ni labari.” Har Ƙofa ta je suna wurin danginta, ta dawo da mata biyu a mota. Wasu aka sa musu zoben, wata aka ce nata bai yi nisa ba, motsa jiki ya ishe ta, wata tsohuwa aka tura ta Katsina aka yi mata aiki ta dawo lafiya. Duk wadda ta dawo da murna, Mairama ta fi ta murna, ta yi ta tambaya: da zafi? Ana jin shi in an zauna? In an yi ruku'u fa? Mata goma sha ɗaya ta tura, ita ko ƙofar asibitin ba ta taka ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ba tsoron zoben take ba, ta ƙagu ma. Amma ta yaya? Ta kwanta gaban 'yar fari, wadda ko tafin hannunta ba ta taɓa buɗe wa ba? Ko layin ma ta zauna, waccan ta fito ta gan ta? Gara ta ajiye ƙwaryar. In ta kai nan a tunani sai ta ji hawaye, don ba gara ba ne, kuma ta sani.

Abin mamaki, Lailatu ba ta daina zuwa gindin tsamiya ba. Kasuwa huɗu a jere tana kawo kujerarta, ta ba uwarta baya, ta maimaita magana ɗaya tun daga nauyin mara har zoben roba, har mata suka haddace suna taya ta. Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, manoma suka fita shuka. Kwana biyar aka sake wani, Mamuda ya bugo waya ya ce sun taso.

Sa'a ce ta gaji. A hanya ta tare ƙawarta ta ce, “Wai ke Mairama, wa ya rage gindin tsamiyar nan da bai je ba? Ƙirga mu.”

Mairama ta kau da kai.

“Ɗiyar nan aikinta ke nan, kallo ɗaya take ma mace ta sani. Kina tsammanin ba ta ga ƙwaryarki ta koma ɗaya ba? Kunyar da kike ji ita ma tana ji. Ba ta da bakin hwaɗa maki, shi ya sa ta hwaɗa ma kasuwa duka. Mu goma sha ɗaya albarkacinki munka ci!”

Mairama ta sauke ƙwarya ta zauna a bakin hanya, abin da ba ta taɓa yi ba ko da ciwon ya fi tsanani. Ta rufe fuska da gefen mayafi. Sa'a ta ɗauka kuka take, da ta leƙa sai ta tarar kuka ne da dariya a haɗe. “Ja'irar yarinya,” in ji Mairama. “Halin ubanta ta ɗauko, shi ma bai iya magana kai tsaye ba.”

Kasuwa ta biyar Lailatu ba ta yi dogon bayani ba. Ta zauna, ta dubi reshen tsamiya ta ce, “Ran Laraba ni ba ni nan, Kusada za ni. Sista Kamila ke duba mata. Baƙuwa ce, ba ta san kowa ba a garin nan.” Ta ɗan jira, ta sake cewa, “Laraba.” Mata suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Mairama ta gyara faifai, ta ce, “Ƙwarya, kin dai ji. Laraba.”

Ranar Laraba tun da hantsi tana asibiti, da 'yar ƙwaryar man shanu ta kawo wa baƙuwar. Sista Kamila gajeruwa ce mai fara'a. Ta tambaye ta haihuwa nawa, ta rubuta, ta ce, “Tun yaushe, Inna?”

“Tun bara.”

Sista ta ɗago ta dube ta.

“To, bara tara,” in ji Mairama.

Aka ja labule. Ta ce wa ranta ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta lulluɓe fuska ta hau gado. Kafin ta gama addu'ar da ta fara an ce ta sauko. Sista ta ce ta yi tari, ta yi, zoben ya zame. Mairama ta ce shi ke nan, nata ya wuce gyara. Sista ta yi dariya ta ce ai kamar takalmi ne, kowa da lambarsa, ta ɗauko wanda ya ɗan fi girma. Aka sake. Ta yi tari, shiru. Ta tsuguna ta miƙe, shiru. Aka ce ta je ta kama ruwa ta dawo, ta je ta dawo. Ta taka daga bango zuwa bango, ta sake takawa, tana sauraron nauyin da ta saba da shi shekara tara, ta neme shi ta rasa.

“Sista! Babu shi! Wallahi babu shi!”

Sista ta zaunar da ita da ƙyar don ta ji sharuɗɗa. Duk wata uku ta dawo a cire a wanke a duba. In ta ji zafi ko ta ga jini, kada ta jira wata ukun. Ta riƙa matse gabanta kamar mai riƙe fitsari tana saki, safe da yamma. Ta sha ruwa da yawa, ta ci ganye, kada ta bari bayan gida ya yi mata tauri. Daka ta bar wa surukai. Tafiya kuwa ta yi abarta, amma ƙwarya ɗaya, kuma kada ta cika ta fal.

“Biyu,” in ji Mairama.

“Ɗaya, Inna. Nan ba kasuwa ba ce.”

Ta fito kamar ta tashi sama. So take ta gaya wa wani, kowaye, ga Sa'a ba ta zo ba, ga mutanen da ke baranda ba ta san ko ɗaya ba. Murna ta sa ta ɓata hanya, maimakon ƙofar gaba ta zaga ta bayan ginin. Can ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, a kan benci, wata mata na zaune da kayan gida, ta ba gini baya, ta haɗa hannuwa a cinya. Mairama ta san wannan bayan. Sati biyar tana kallonsa, kuma kafin nan shekara talatin da shida tana satar kallonsa.

Ba ta yi shawara da kowa ba, bakinta ne ya riga ta.

“Lailatu! Lailatu, ya zauna!”

Matar ba ta juyo nan take ba. Ta san muryar, ta san sunan, amma ba ta taɓa jin su tare ba. Da ta juyo, ta tarar uwarta tsaye, ta toshe baki da hannu biyu, idanu waje kamar wadda ta fasa tulun surukarta.

“Na'am, Adda,” in ji Lailatu, hawaye na zubo mata.

Suka tsaya haka, ba mai iya kallon wata. Mairama ta laluba neman ƙwaryar da za ta yi wa magana, ta tuna ta bar wa Sista. Dole ta juya ga bishiya. “Dogon yaro,” in ji ta, “tambayi waccan, nan ne Kusadar?”

Kwana shida bayan haka shanu suka iso, nono ya wadata. Da safe Sodangi ya fito ya tarar matarsa ta riga ta naɗa gammo. Ya buɗe baki, ta ce masa matar Mamuda ta kai nata bisa mashin in tana so, kowa ya san mai sayen tsala. Ya bi ta da kallo har ta ɓace, bai ga ta tsaya duba geron kowa ba, ga shi kuwa bana geron ya fito gwanin sha'awa.

Har yau tana bin hanyar. Ƙwarya ɗaya take ɗauka, da wata 'yar ƙarama a bisa wadda ta ce ba a ƙirga ta. Turmi ta bar shi, sai dai ta zauna kusa tana gyara wa masu daka. In mai jego ta tashi za ta ɗauki tulu, ita ce ke fara daka mata tsawa, ita da ta yi wa mata gorin zaman arba'in shekara da shekaru. In Sa'a ta tsokane ta da zancen sunan, sai ta ce wa ya ji, a kawo shaida.

Duk wata uku, ranar Laraba, Lailatu kan sanar a gindin tsamiya cewa za ta Kusada. Mairama ta shiga wurin Sista, in ta fito ta zaga ta bayan gini, ta ajiye 'yar ƙaramar ƙwaryar a gefen benci, ta gaya wa dogon yaro cewa an duba, lafiya lau. Ba ta sake faɗin sunan ba. Lailatu ta gaya wa Sa'a kada a matsa mata, sau biyu ta kira a ranar, kuma sun ishe ta.